Inese Tarvida da tekwandon Latbiya: tambayoyi da amsoshi

Mutanen Nijar ba za su manta da watan Yunin 2017 ba, domin a cikinsa ne Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci zinare a gasar tekwando ta duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu. A wannan makon kuma, a wannan zauren, wata yarinya 'yar Latbiya da ba ta cika shekara 20 ba ta hau dandamalin karɓar lamba ba tare da an buga mata ganga ba. Sunanta Inese Tarvida. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da ita, da ƙasarta, da kuma abin da ya sa mai lambobin duniya har biyu ba ta je gasar Olamfik ta Tokyo ba.

Wace ce Inese Tarvida?

'Yar wasan tekwando ce 'yar ƙasar Latbiya, an haife ta a 1998. An san ta ne a ajin mata masu nauyin da bai wuce kilo 53 ba, inda ta ci lambar tagulla sau biyu a jere a gasar duniya: a Muju a 2017, sannan a Manchester ta Ingila a 2019. 'Yar uwarta, Jolanta Tarvida, ita ma 'yar tekwando ce kuma ta wakilci ƙasar. Shi ya sa in ka duba jerin sakamakon gasannin Turai kana iya cin karo da sunan Tarvida sau biyu, a aji daban-daban.

Ina ne Latbiya, kuma tekwando yana da kasuwa a can?

Latbiya tana arewacin Turai, a gaɓar tekun Baltik, tsakanin Estoniya da Lituweniya, tana kuma da iyaka da Rasha da Belarus. Babban birninta Riga. Ta sake samun 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet a 1991, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Mutanenta duka-duka ba su kai miliyan 2 ba, wato birnin Kano kaɗai ya fi ƙasar yawan jama'a.

Amma kasuwar tekwando? A'a. Zuciyar mutanen Latbiya tana wajen hoki na kan ƙanƙara da ƙwallon kwando. Da 'yan hokinsu suka doke Amurka suka ci tagulla a gasar duniya ta 2023, sai da majalisar ƙasar ta ba da hutu washegari. A Tokyo zinarensu daga ƙwallon kwando na mutum uku-uku ya zo. Kafin nan Māris Štrombergs ya kawo musu zinare biyu a tseren keken BMX, a 2008 da 2012. Ko a watan da Tarvida ta ci lambarta ta farko, hankalin ƙasar yana kan wata yarinyar daban, Jeļena Ostapenko, wadda ta lashe gasar tanis ta Faransa makonni biyu kacal kafin a buɗe ta Muju. To a irin wannan ƙasa, mai wasan shuri na Koriya sai ta yi da gaske kafin jaridu su waiwaye ta.

Me ya faru a Muju a 2017?

An yi gasar daga 24 zuwa 30 ga Yuni a Taekwondowon, katafariyar cibiyar da Koriya ta Kudu ta gina wa wasan a cikin duwatsun Muju. Gasa ce mai tarihi ta fuska biyu. A jajibirinta ne hukumar wasan ta duniya ta sauya suna zuwa World Taekwondo, kuma a bikin buɗewa tawagar 'yan Koriya ta Arewa ta yi nuni a gaban shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Moon Jae-in.

A ajin kilo 53 na mata, Zeliha Ağrıs ta Turkiyya ce ta ci zinare, Tatiana Kudashova ta Rasha ta ɗauki azurfa, sai Tarvida da Dinorahon Mamadibragimova ta Uzbekistan suka samu tagulla. Turkiyya da Rasha gidajen tekwando ne masu ɗaruruwan kulob da sansanonin horo na gwamnati. Yarinyar da ta fito daga ƙasar da za ka iya ƙirga manyan 'yan wasanta da yatsun hannu ta tsaya a gefensu, wannan shi ne labarin.

A makon ne kuma Afirka ta Yamma ta yi rawar gani: Alfaga ya doke Mahama Cho na Birtaniya a wasan ƙarshe na masu nauyi fiye da kilo 87, Ruth Gbagbi ta Kwadebuwa kuma ta ci zinare a kilo 62.

Don me ake ba mutum biyu tagulla?

Saboda a gasar duniya ba a buga wasan neman na uku. Duk wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta faɗi, tagulla ta tabbata gare ta. Sai dai hanyar zuwa can ba sassauci a cikinta: faɗuwa ɗaya, sai gida. Aji guda kan tara 'yan wasa da dama daga nahiyoyi biyar, kuma wasannin share fage ana yin su ne ɗaya bayan ɗaya cikin yini guda. A Olamfik tsarin ya ɗan bambanta, domin waɗanda 'yan wasan ƙarshe biyu suka kayar ana sake ba su dama su nemi tagulla.

Ta Manchester fa, wacce ta fi wata nauyi?

A ganina ta Manchester ta fi. An yi ta daga 15 zuwa 19 ga Mayun 2019. Phannapa Harnsujin ta Tailan ta ci zinare, Kudashova ta sake tsayawa a azurfa, Tarvida da Aaliyah Powell ta Birtaniya suka raba tagulla.

Lamba ta farko ana iya cewa sa'a ce, ko ƙuri'ar haɗa 'yan wasa ce ta yi mata daɗi, ko kuwa abokan karawa ba su san salonta ba. Bayan shekara biyu wannan magana ba ta da wurin zama. Kowane koci yana da bidiyon wasanninta, ya san ƙafar da take fara ɗagawa, ya san abin da take yi in an matse ta a bakin tabarma. Duba kuma dandamalin: daga cikin mata huɗu na Muju, biyu ne kawai suka dawo a Manchester, ita da Kudashova. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yaya ake cin maki a wannan wasa?

Mutum biyu ne ke karawa a kan tabarma mai kusurwa takwas, ɗaya da sulke shuɗi, ɗaya da ja. Turmi uku ake yi, kowane minti biyu, da hutun minti ɗaya a tsakani. A dokar da aka yi aiki da ita a Manchester, har zuwa Olamfik ta Faris a 2024, naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a kai maki 3. In an juya baya kafin a kai shurin, na jiki ya zama 4, na kai ya zama 5. Naushi a fuska haramun ne, haka duka ƙasa da ƙugu. Faɗuwa ƙasa, fita daga tabarma, riƙo, ko gudun faɗa, duk laifi ne da alƙalin wasa ke kira gam-jeom, kuma kowane ɗaya maki 1 ne ga abokiyar karawa.

Abin da ya sauya wasan baki ɗaya shi ne na'ura. Sulken ƙirji da hular kai suna ɗauke da na'urar jin duka, safar ƙafa ma haka. In ƙafa ta taɓa sulke da ƙarfin da aka ƙayyade wa wannan ajin, maki zai hau allo da kansa, ba sai alƙali ya yarda ba. An fara amfani da sulken lantarki a Olamfik a Landan a 2012, hular kuma a Rio a 2016. Koci yana da kati da zai ɗaga ya nemi a duba bidiyo in yana ganin an zalunci 'yar wasansa.

Tsofaffin 'yan wasa suna gunaguni cewa na'urar ta mayar da faɗa wasan taɓa-ni-in-taɓa-ka da ƙafar gaba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma ga ƙananan ƙasashe alheri ce. Na'ura ba ta san tuta ba, ba ta jin ihun 'yan kallo.

A lokacin lambobin Tarvida biyu, ana tara makin turmi uku ne a haɗe. Daga 2022 aka koma wadda ta ci turmi biyu cikin uku ita ce ta yi nasara.

To in har ta kai haka, me ya hana ta zuwa Olamfik ta Tokyo?

Nan ne gizo ke saƙar. A gasar duniya mata suna da aji takwas: kilo 46, 49, 53, 57, 62, 67, 73 da sama da 73. A Olamfik huɗu ne kawai: 49, 57, 67 da sama da 67. Babu 53. Wato ajin da Tarvida ta fi ƙwarewa a cikinsa, wanda ya dace da ƙirar jikinta, ba ya cikin lissafin babbar gasa. Kamar ɗan kasuwa ne da ke da kaya mai kyau, amma ranar babbar kasuwa ba a ware wa irin hajarsa rumfa ba.

Zaɓi biyu ne ga duk 'yar kilo 53: ko ta sauka zuwa 49, ko ta hau 57. Gaba kura, baya sayaki. A lokacin, a 49 akwai Panipak Wongpattanakit ta Tailan, wadda ta ci zinare a Tokyo ta sake ci a Faris. A 57 kuwa akwai Jade Jones ta Birtaniya mai zinaren Olamfik na 2012 da 2016, wadda kuma ta zama zakarar duniya a wannan gasa ta Manchester, ga Hatice Kübra İlgün ta Turkiyya, ga Anastasija Zolotic ta Amurka da ta zo ta lashe Tokyo. Gasannin Grand Prix, inda ake samun maki mai tsoka, su ma ajin Olamfik kawai suke bi. Tarvida ta nemi hanyarta ta 57, kuma gurbin bai samu ba. Latbiya ta je Tokyo ba ta da ko mutum ɗaya a tekwando.

Ba wai ba a tsallake wannan rami ba ne sam. Kudashova, abokiyar dandamalinta sau biyu, ta hau 57, ta je Tokyo da sunan aurenta, Tatiana Minina, ta dawo da azurfa. Sai dai ita tana da ƙasar da za ta iya tara mata abokan atisaye masu tsawo da nauyi iri-iri, da likitoci, da masu tsara abinci, shekara da shekaru. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Kilo huɗu kacal fa ake magana. Har ya kai a yi dogon bayani?

Ya kai, har ya wuce. Kilo 4 a jikin mai kilo 53 ya haura kashi 7 cikin 100 na nauyinta, kuma jiki ne da ba shi da kitsen da za a zubar. Abin da zai fita ruwa ne da tsoka. 'Yan wasa da yawa sukan kwana ba ci ba sha, su sa rigar leda su yi gudu, don su tsallake sikeli. Ana awo ne kwana ɗaya kafin gasa, shi ya sa a da wasu kan ƙame kansu su hau sikeli, sannan su cika ciki su dawo da kilo da yawa kafin safiya. Don toshe wannan ƙofa aka kawo awon ba-zata a safiyar gasa, wanda bai yarda a wuce kashi 5 cikin 100 a kan iyakar aji ba. 'Yar ajin 49 ba za ta wuce kilo 51.45 ba, 'yar 57 kuma 59.85.

Hawa sama ma ba hutu ba ne. A 57 ba 'yan 57 na asali kaɗai za ki tarar ba, har da 'yan 62 da suka matse kansu suka sauko. Sun fi ki tsawo, ƙafarsu ta fi taki nisa, kuma a wasan da ƙafar gaba ke mulki, wadda ta riga taɓawa ita ke cin maki. Ƙarin ɗan tsawon ƙafa da bai kai tafin hannu ba yana iya raba wasa.

Hujjar masu shirya Olamfik ita ce yawan 'yan wasa yana da iyaka, kuma kason tekwando kusan mutum 128 ne, maza da mata. An ji. Amma wanda ke biyan kuɗin wannan matsi shi ne ɗan wasan da Allah ya halitta a tsakanin aji biyu, musamman in ƙasarsa ba ta da na biyu da za ta tura a madadinsa.

Yaya ake samun gurbin Olamfik ɗin ma tukuna?

A Tokyo kowane aji yana da gurbi kusan 16. Biyar na waɗanda suka fi maki ne a jerin gwanaye na Olamfik zuwa Disamban 2019, ɗaya na zakaran gasar Grand Slam da ake yi a Wuxi ta Sin. Sauran sai ta gasar share fage ta nahiyoyi: biyu-biyu ga Afirka, Asiya, Turai da nahiyar Amurka, ɗaya ga yankin Oshiyaniya, sannan 'yan guraben mai masaukin baƙi da na gayyata. Ta Afirka an yi ta a Rabat a Fabrairun 2020, ta Turai kuma annobar korona ta ja ta har Mayun 2021 a Sofiya ta Bulgeriya. Ka duba: duk ƙasashen Turai da ba su samu shiga ta jerin gwanaye ba, gurbi biyu suke kokawa a kai, a yini ɗaya.

Shi kuma jerin gwanaye, tafiya yake ci. Kowace gasa tana da daraja. Wadda ta lashe ƙaramar gasa mai darajar G1 tana samun maki 10. Gasar duniya a wancan lokaci G12 ce, zinare maki 120, azurfa 72, tagulla 43.2. Wato tagullar Tarvida guda ta fi lashe ƙananan gasa huɗu. Sai dai makin ba ya zama, a tsarin wancan lokaci kowace shekara yana zubar da kashi ɗaya cikin huɗu har ya ƙare. Dole 'yar wasa ta yi ta yawo, yau Holan, gobe Beljiyam, jibi Turkiyya, kuma kowace tafiya kuɗin jirgi ne da masauki na mutum biyu aƙalla, ita da koci. A Latbiya akwai hukumar da ake kira Latvijas Olimpiskā vienība da ke tallafa wa manyan 'yan wasa gwargwadon sakamakonsu, amma aljihun ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan 2 ba zai yi gogayya da na Koriya ko Birtaniya ba.

Daga wane shekaru yaro ke fara wannan hanya?

Da wuri. Gasar duniya tana da matakin yara 'yan shekara 12 zuwa 14, da na matasa 'yan 15 zuwa 17, kuma daga 17 ana iya shiga sahun manya. Duk wadda ka gani a dandamalin manya kafin ta kai 20, ka tabbata ta kwashe shekaru tana zirga-zirga tsakanin makaranta da zauren horo. Ana kuma buƙatar baƙar ɗamara mai takardar shaida kafin a shiga manyan gasa, kuma takardar da aka fi sani ita ce ta Kukkiwon, hedikwatar wasan da aka buɗe a Seoul a 1972.

Wurin da yara masu hazaka suka fi ɓacewa shi ne tsallakawa daga matasa zuwa manya. Jiki yana sauyawa, aji yana sauyawa, ga jarrabawar gama sakandare, ga abokan karawa da suka girme ka da shekara goma. A wannan gaɓar ce Tarvida ta ci lambarta ta farko.

Na ji ana cewa tekwando iri biyu ne. Wanne take yi?

Na World Taekwondo, hukumar da aka kafa a 1973, wanda shi ne na Olamfik. An nuna shi a Seoul a 1988 da Barcelona a 1992, ya zama wasan lamba sosai a Sydney a 2000. Ɗayan shi ne na wata hukumar daban mai suna ITF, wadda Janar Choi Hong Hi ya kafa a 1966. Can ana naushi a fuska, ba a sa sulken ƙirji, kuma suna da gasar duniya tasu daban. In ka ji an ce wani zakaran duniya ne a tekwando, yana da kyau ka tambayi a wace hukuma.

'Ya mace musulma za ta iya yin wasan da hijabi?

Ƙwarai. Kayan wasan riga ce mai dogon hannu da dogon wando, kuma doka ta yarda a sa ɗankwali a ƙarƙashin hular kariya. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a Rio a kilo 57, ta sake ci a Tokyo a kilo 67, duk da kanta a rufe. Kimia Alizadeh ma da hijabinta ta ci wa Iran tagulla a Rio, ta zama mace ta farko daga ƙasar da ta samu lambar Olamfik.

Akwai abin da ya haɗa labarinta da na 'yan wasanmu?

Akwai, kuma a ajin da ya gagare ta. Tekiath Ben Yessouf ta Nijar ta samu shiga Tokyo a kilo 57, ta kai har wasan neman tagulla, inda Lo Chia-ling ta Taiwan ta doke ta. Elizabeth Anyanacho ta wakilci Najeriya a kilo 67. Wannan ba ya nufin sun fi Tarvida ko ta fi su. Abin da yake nunawa shi ne ƙofar kowace nahiya faɗinta daban, kuma ta Turai cunkoso ya yi mata yawa.

Ta wani ɓangaren kuma Nijar da Latbiya jirgi ɗaya ya ɗauko su: mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da sunan ƙasa gaba ɗaya. Azurfar da Alfaga ya ci a Rio a 2016 ita ce lambar Olamfik ta farko da Nijar ta gani tun tagullar damben Issaka Daboré a 1972. Najeriya ma, da duk yawanta, lamba ɗaya take da ita a tekwandon Olamfik, tagullar Chika Chukwumerije a Beijing a 2008. Alfaga ya yi dace da abu guda da Tarvida ba ta samu ba: shi mai nauyi ne, kuma ajin masu nauyi ba shi da rufi, don haka daga sama da 87 na gasar duniya zuwa sama da 80 na Olamfik ba sai ya yi faɗa da sikeli ba.

In ina son kallon wasanninta, me zan lura da shi?

World Taekwondo tana da shafi a YouTube inda take ajiye wasanni da dama na manyan gasa, sai ka nema da sunan gasar da shekarar da ajin. Kada ka bi allon maki da ido, zai ruɗe ka, domin sau da yawa maki kan hau ba ka ga abin da ya taɓa ba. Ka kalli ƙafar gaba ta kowace 'yar wasa da tazarar da ke tsakaninsu. Ka kalli abin da ke faruwa in sun manne ƙirji da ƙirji, domin a nan ake ɗago ƙafa ta gefe a shafi hula a ci maki 3. Sannan ka jira daƙiƙa 20 na ƙarshen turmi na uku, lokacin da wadda ake ci ba ta da sauran abin da za ta adana, sai ta fara juyi tana neman kai.